Abincin buhu ko tukunyar gida: wanne ne yafi sa gashin kare sheƙi?

Duk baƙon da ya shigo gonar kajina ya ga karnukan gadina guda biyu, tambayar farko da yake min ita ce wai wane mai nake shafa musu. Wallahi ba na shafa musu komai. Shekara biyu da suka wuce da ka ga Zaki, baƙin Alsashiyan ɗin nan nawa, da ka ce buhun gawayi ne aka yar a rana, gashin ya yi dususu ya koma ja-ja, in ka shafa bayansa sai ka ji kamar tsintsiya, ga amosani fari yana zuba. A lokacin abin da yaron gona yake ba shi bai wuce ragowar tuwo da ƙanzo da aka jiƙa ba, wani lokaci a dama masa dusa, ni kuma tunda ina ganin cikinsa a cike ban taɓa kawo komai a raina ba.

Likitan dabbobi da yake zuwa yi wa kaji rigakafi shi ya fara tsayar da ni. Ya durƙusa ya buɗa gashin wajen gindin wutsiya da yatsa biyu, ya kakkaɓo wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo kamar garin masoro a kan farar takarda, ya ɗiga musu ruwa, nan take suka narke suka koma ja. Yace "Malam ka gani? Wannan kashin ƙuma ne, jinin karenka ne da suka sha. Kafin mu yi maganar abinci sai mun kori waɗannan." To ni ma daga nan zan fara, dan babu amfani ka kashe kuɗi kan abinci mai tsada alhali ƙuma da kaska da tsutsar ciki suna raba abincin da kai. Kare mai ƙazuwa ko makero ko da kullum kifi yake ci gashinsa bazai yi kyau ba. Akwai ƙwayoyin maganin ƙuma da kaska da ake ba su su tauna, NexGard wata ɗaya take riƙewa, Bravecto kuma sati 12, sannan maganin tsutsa duk bayan wata uku. Kuma dan Allah a daina shafa wa kare baƙin mai ko kalanzir da sunan maganin ƙazuwa, yana ƙona fata, karen kuma lashewa yake ya haɗiye.

In an gama da wannan sai a zo kan kwano. Shi gashi kusan kashi 95 cikin 100 nasa furotin ne, wato sinadarin gina jiki, kuma wajen kashi 25 zuwa 30 na furotin ɗin da kare ke buƙata a rana yana iya tafiya wajen gina fata da gashi kawai. Jiki kuma wayo gare shi, in abinci ya gaza zai fara ba zuciya da hanta da tsoka, gashi shi ne na ƙarshen layi, shi yasa nan ake fara ganin alama. Sheƙin kuma daga wani ɗan maiƙo yake da fata ke fitarwa ya lulluɓe kowane sili, shi kuma sai da irin man da ya dace a abinci, wato omega-6 da omega-3, da ɗan sinadarin zink da kofa (wato jan ƙarfe) da bitamin. Duk wani abinci da za a kawo maka da wannan ma'aunin zaka auna shi.

Ragowar abincin gida ita ce mafi arha kuma ita ce mafi rashin amfani ga gashi, wannan ba sai an ja magana ba. Busasshiyar masara furotin ɗinta bai wuce kashi 9 ba, gero da dawa sun ɗan ɗara kaɗan, in an tuƙa tuwo kuma yawancinsa ruwa ne. Ƙungiyar AAFCO ta Amurka da ke tsara ma'aunin abincin dabbobi ta ce mafi ƙarancin furotin ga babban kare kashi 18 ne, mai kuma kashi 5.5, ɗan kwikwiyo 22.5 da 8.5. Kaga ko rabi tuwo zalla bai kai ba sai da ƙyar. Dusa kuma tana da wata illa da mutane basu sani ba, akwai sinadari a cikinta da yake kama zink ya hana hanji tsotsewa, sai ka ga kare fatar gefen idonsa da bakinsa ta yi kauri tana ɓamɓarewa, tafin ƙafa yana tsagewa. Sai babbar matsala, miya. Miyarmu kusan babu wadda babu albasa, wata har da tafarnuwa, su kuma suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, dafuwa bata kashe gubar, kuma taruwa take a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan har ka wayi gari dadashinsa ya yi fari fat yana kasala. Ƙara da gishiri da magi da barkono. Goro ma kar yara su jefa masa da wasa, haka cakulan da inabi da zabibi.

Na san za a ce ai karnukan mafarauta tuwo suke ci kuma jikinsu sumul. Na taɓa yi wa wani dattijon mafarauci wannan maganar a ƙauyen da ke kusa da mu, yana zaune karnuka huɗu kwance a gefensa, gashinsu kwance luf yana ɗaukar ido. Nace "Baba, naka tuwo kawai suke ci amma dubi jikinsu." Ya yi dariya yace "Yaro, wa ya faɗa maka tuwo kawai? Duk abin da aka kamo kayan cikin nasu ne, ga gafiya ga ɓera da suke kamawa da kansu, ranar kasuwa kuma ina bin mahauta." Ashe nan gizo ke saƙa. Shi karen da ke yawo yana cike giɓin da kansa, naka da ke ɗaure da sarƙa ko a keji abin da ka zuba masa shi kenan duniyarsa. Sannan karen gida mai gajeren gashi, irin na mafarauta ko siririn Azawak na Buzaye, buƙatarsa bata kai ta Alsashiyan ko Kokeshiyan da ke ɗauke da gashi ninki biyu ba.

Dafa wa kare nasa abincin daban wani abu ne kuma, kuma gaskiya in an iya shi babu abin da ya kai shi sa sheƙi da sauri, saboda sabo ne man cikinsa bai tsufa ba. Na yi wata bakwai ina yi. Yadda nake haɗawa, kusan rabin tukunya nama ne, abin da ya samu daga kwata, tumbi da zuciya da huhu da guntattaki, ko wuya da ƙundun kaza, kashi ɗaya cikin uku shinkafa ko dankalin Hausa, ragowar kabewa da karas, babu gishiri babu albasa babu komai. Hanta kaɗan ake sawa, kamar kashi 5 cikin 100 na abincin, dan tana da kofa da bitamin A sosai amma in ta yi yawa ita ma cuta ce kuma tana sa zawo. Kifi titus ko sardin sau biyu ko uku a sati, a dafa a zare ƙaya. Ƙwai dafaffe. Wannan na ƙwai ina so a kula, mutane da yawa suna fasa ɗanye a kan abinci da sunan gyaran gashi, to ɗanyen farin ƙwai yana da wani abu da yake ɗaure biyotin, bitamin ɗin da gashi ke so, dafawa ke kashe shi, to me zai sa ka wahalar da kanka, minti goma ne. Ɓawon kuma kar a zubar, a busar a daka ya yi laushi, rabin ƙaramin cokali a kan rabin kilo na nama, saboda nama zalla bashi da kalsiyam, kuma dafaffen ƙashi ba abin ba kare bane, tsagewa yake kamar allura ya huda hanji.

Amma ga inda ta ke da wahala. Na farko lokaci da gas ko itace. Na biyu ajiya, a watan Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40 abincin da ka dafa da safe kafin la'asar ya fara tsami in babu firij, in akwai firij ɗin ma sai an kawo wuta. Na uku, kuma shi yafi damuna, daidaito. A 2013 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis sun duba tsarin girkin abincin kare guda 200 daga littattafai da intanet, kashi 95 cikin 100 sun gaza a aƙalla sinadari ɗaya da ya zama dole. Waɗannan fa rubutattu ne da ma'auni, ina ga namu na ƙiyasin ido. Kuma abin da yake faruwa a zahiri shi ne satin farko kana sa komai, bayan wata biyu kifi ya yi tsada an cire, yaron gona ya gaji da dakan ɓawon ƙwai, shinkafa tana ƙaruwa nama yana raguwa, kafin ka ankara an koma gidan jiya. Haka ta faru da ni, sai da na yi tafiyar sati uku na dawo na leƙa tukunyar na ga kusan farar shinkafa ce da romo.

Abincin buhu, wato busasshen abincin kare na kamfani, shi amfaninsa ɗaya ne babba, abin da kare ya ci yau shi zai ci gobe, ko kana nan ko baka nan, yaro kofi kawai zai ɗiba ya zuba. Zink da kofa da kalsiyam duk an auna an saka. Sai dai buhu suna suka tara. Akwai na waje masu tsada irin su Royal Canin da Purina Pro Plan, akwai Pedigree a tsakiya, akwai na gida kamar Binggo da kamfanin Grand Cereals na Jos ke yi, su ne masu Vital Feed da mu masu kaji muka sani. Kar hoton karen da ke jikin buhu ya ruɗe ka, juya bayansa zaka yi. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi nauyi zuwa ƙasa, to in ukun farko duk hatsi ne da dusa, nama sai can a na biyar, ka bar tuwon gida ka sayi tuwon kamfani kenan, tsugune bata ƙare ba an sayar da biri an sayi kare. Ni abin da nake nema furotin daga kashi 22 zuwa 26, mai daga kashi 12 zuwa 16, a kira sunan naman ƙarara, kaza ko rago ko kifi, in an rubuta kitsen kaza da man kifi a ciki to madalla, sannan lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Lissafin kuɗin kuma kar ka yi shi da farashin buhu, yi shi da kwana. Kare mai kilo 25 yana cin wajen giram 330 zuwa 350 a rana, buhun kilo 15 zai kai shi sati shida. Alsashiyan mai kilo 32 giram 400 da ɗoriya, wata ɗaya da 'yan kwanaki. Bobul mai kilo 65 kuwa sati uku ya share buhun, shi yasa nake ce wa mutane kafin ka sayi ƙaton kare dan a ce kana da shi ka fara tambayar aljihunka. Raba kuɗin buhun da kwanakin, sannan ka lissafa nama da shinkafa da gas na rana ɗaya, sau da yawa zaka ga tazarar bata kai yadda kake zato ba, musamman da na gida ko na tsakiya. Na waje su dala ke jansu, yau farashi kaza gobe wani. Kuma mai arha sosai yawanci sai ka zuba da yawa kafin ya ƙoshi, kashi ya yi yawa, araha dai bata ado.

Babbar illar buhu a ƙasarmu zafi ne da ajiya. Man da ke sa sheƙin shi ne farkon lalacewa in iska da zafi suka same shi. Na taɓa sayen na awo, wanda ake buɗe buhu ana sayarwa mudu-mudu a leda, dan na ga da sauƙi, da na zo gida na sa hanci sai wani wari kamar na tsohon man suya da aka manta a galan, ƙasan ledar duk gari da ƙananan ƙwari, karnukan suka shinshina suka juya baya. Allah kaɗai ya san watannin da ya yi a buɗe. Tun daga ranar rufaffen buhu kawai nake saya, daidai wanda zai ƙare cikin sati shida, in naɗe bakinsa in saka shi da buhunsa cikin roba mai murfi a ɗaki mai sanyi, ba a ƙasan rufin kwano ko bayan mota ba. Da damina kuma a kula da fumfuna, masara da gyaɗa in suka yi danshi suna haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, kare kuma baya jure ta. A ƙarshen 2020 a Amurka sai da aka janye wani abincin karnuka daga kasuwa saboda ita, karnuka sama da 100 suka mutu. Wannan gargaɗin ya shafi masu ba kare ƙuli-ƙuli ko tunkuza da aka daɗe da ajiyewa ma.

Akwai kuma masu tsada da ake tallatawa da cewa babu hatsi ko kaɗan a ciki wai sun fi gyara fata. Ni ban ga dalilin ƙara kuɗi a kansu ba. Karnukan da abinci ke sa wa ƙaiƙayi da borin jini ba su da yawa, kuma abin da yafi jawo musu naman shanu ne da madara da kaza, hatsi yana baya. A Yulin 2018 ma hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fara binciken ko irin wannan abincin yana da alaƙa da wani ciwon zuciya a karnuka.

Ɗanyen nama kuwa, na ga masu yi kuma gashin karnukansu na sheƙi, amma ba ɗanyantakar bace ke sa hakan, yawan nama da kitse ne, da sun dafa ma haka za su gani. Haɗarinsa a nan ya fi ƙarfin amfaninsa. Huhu da hantar tumaki ko shanu ko raƙumi wani lokaci zaka ga wasu ƙulli masu ruwa a ciki kamar ƙananan balan-balan, in kare ya ci ɗanye tsutsa ce ke girma a hanjinsa, ƙwanta ya fito a kashi, mutum in ya haɗiya ta hannu ko ganye sai irin ƙullin ya tsiro masa a hanta, wani sai an yi tiyata. Gidan da ke da yara ban ba da shawara ba sam. Mu masu kaji kuma jarabawarmu mushen kaza ce, ta mutu da dare da safe a jefa wa kare dan kar a yi asara, baka san me ya kashe ta ba, a binne ta kawai.

Sai maganar mai, dan nan mutane suka fi zuba kuɗi a inda bai dace ba. Kitsen shanu da na rago yana sa ƙiba amma omega-6 ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, wajen kashi 3, kitsen kaza kuwa ya kai wajen kashi 20, shi yasa fatar kaza tafi kitsen mahauta amfani ga gashi. Manja wajen kashi 10 ne, man gyaɗa kusan 30, man riɗi ya haura 40, man waken suya ya haura 50. Man kwakwa da ake ta yayi kusan babu. Ni ƙaramin cokali ɗaya nake sawa ga kowane kilo 10 na nauyin kare in abincin dafawa ne, in buhu mai kyau ne ma ba sai an ƙara ba. Omega-3 kuma wanda ke rage ƙaiƙayi da kumburin fata daga kifin teku mai maiƙo ake samunsa, titus da sardin, jikin kare baya iya juya na tsirrai sosai. In kafso zaka saya ka nemi man kifi zalla, na hantar kifi yana ɗauke da bitamin A da D da yawa, in aka daɗe ana bayarwa taruwa suke. Kuma kar a ce tunda mai na gyara gashi a tuttula, lokacin Babbar Sallah da ake tara wa karnuka kitse da ragowar suya ne zaka ji wannan yana amai wancan yana zawo, wani har ciwon ya kwantar da shi.

To wanne zaka ɗauka? In kana da kare ɗaya ko biyu, kai ma'aikaci ne ko mai yawan tafiya, wani ne ke ba su abinci, ɗauki buhu na tsakiya mai kyau ka ɗora masa dafaffen ƙwai da kifi, abin da nake yi yanzu kenan, ƙwai ɗaya kwana uku a sati, ɗan guntun titus kwana biyu, ƙarin kar ya wuce kashi 10 na abincin ranar dan kar ya ɓata ma'aunin. In kai mahauci ne ko kana kusa da kwata ko kana da kaji masu ƙwai, kana da firij kuma da hannunka zaka dafa, dafawa tafi maka sauƙi kuma zaka ga sakamako, amma ka kai wa likitan dabbobi tsarin ya duba, a Zariya akwai asibitin koyarwa na dabbobi na ABU, manyan garuruwa kuma duk akwai asibitin dabbobi. In kuma ƙarfinka bai wuce tuwo ba babu laifi, cire masa nasa kafin a zuba miya, ka murmushe ƙwai ɗaya a kai, ranar kasuwa ka karɓo kayan ciki ko kan kifi ka tafasa, ɗan cokalin man gyaɗa, wannan kaɗai zai canza shi. Kwikwiyon manyan karnuka shi dai buhun da aka yi dan su ya fi, kuma kar a ƙara masa ɓawon ƙwai ko garin ƙashi a kai, kalsiyam in ya yi yawa ƙafafu yake lanƙwasawa.

Duk wanda ka zaɓa kar ka canza dare ɗaya, ka ɗauki sati guda kana haɗa sabo da tsoho kana ƙara sabon a hankali, in ba haka ba zawo zai sa ka ce abincin ne bashi da kyau. Kuma ka ba shi sati 6 zuwa 8 kafin ka yanke hukunci, tsohon gashin da ya mutu baya gyaruwa sai dai ya zube sabo ya fito, Zaki sai da ya yi sati uku yana zubar da jan gashin nan ko'ina kafin na fara ganin baƙi sitik yana tasowa daga kafaɗa. Wanka kuma sau ɗaya a wata ya isa, da sabulun karnuka, omo da sabulun wanki suna kwashe maiƙon da ka sha wahalar ginawa, da hunturu ma na kan rage wankan in sa yaro ya riƙa taje su da buroshi duk bayan kwana biyu, ruwan sha kuma a canza safe da yamma dan ƙura na cika kwanon.